Rakiyar Mil Tara

Saƙon ya iso unguwar Tremont ta birnin New York ranar Talata, cikin makon farko na Afrilu, a ambulan mai kan sarkin Ingila. Taswira ce mai ninki takwas. An bi wata hanya a kanta da jan biro, daga wani gida zuwa ƙauye na farko, zuwa na biyu, daga nan zuwa na uku. A gefe an rubuta da hannu: mil tara.

Wanda aka aiko wa, Alhaji Oumarou Illa, shekarunsa sittin da huɗu. Mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Ya shekara ashirin da bakwai a New York, yana da shago kusa da titin Webster inda yake sayar da shadda, huluna, turare da darduma. A watan Nuwamba aka yi masa aikin zuciya. Wanda ya aiko kuwa surukinsa ne, Mista Kolin, tsohon malamin makaranta mai shekara saba'in da ɗaya, uban mijin 'yarsa Firdaoussi.

Firdaoussi tana zaune da mijinta a wani ƙauye a arewacin Ingila, tana aiki a kantin magani na garin da ke kusa. Ta haihu a Oktoba, aka sa wa yarinyar suna Nimatu. Saboda tiyatar, Oumarou bai taɓa ganin jikarsa ba sai a waya. An tsai da magana cewa shi da matarsa A'i za su je a tsakiyar Yuni.

A ɗaya daga cikin kiran bidiyo na ranar Lahadi ne Mista Kolin ya leƙo ta bayan kafaɗar ɗansa, ya ce duk Asabar yana fita tafiyar ƙafa ta cikin gonaki da tuddai, ko Alhaji zai so su fita tare idan ya zo? Oumarou ya ce sosai ma. Ya ƙara da cewa yana saurayi yakan taka daga ƙauyensu zuwa kasuwar Tasawa ya komo a yini guda, da kaya a ka. Gaskiya ya faɗa. Shekara arba'in da biyar ke nan da yin haka.

A'i ta shimfiɗa taswirar a kan teburin cin abinci ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗauke fasfo ɗinsa daga aljihun tebur ta kai wani wurin da ba ta faɗa ba.

"Mi ke nan?" in ji shi.

"Na san ka, Alhaji. In ka je can, gaban suruki, ko ƙirjinka na tsagewa ba za ka ce ka gaji ba. Za ka yi ta tahiya har ka hwaɗi cikin tumakin mutane."

"To in ce mishi na hwasa? Bayan na amsa?"

"Ban ce ba. Ka yi mil taran nan a nan, gaban idon Yafet. In ka yi, mu tahi. In ba ka yi ba, ni in je in ga jikata, kai ka tsare shago."

Yafet Gyang ma'aikacin jinya ne a sashen masu ciwon zuciya na wani asibiti a nan gundumar Bronx. Mutumin Jos ne, shekarunsa hamsin da biyu, yana zaune a unguwar Parkchester da matarsa Dokas. Sun san juna tun lokacin da Yafet ya zo sayen shadda ta bikin ƙanensa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tun bayan tiyatar, duk Lahadi idan ya taso daga coci yakan biyo ya auna jinin Oumarou, ya sha shayi, ya hau bas ya koma.

Da aka kawo masa maganar, ya ce likita ma abin da yake ta faɗa ke nan tun Janairu: a yi tafiya. A fara da minti ashirin, a riƙa ƙarawa.

Oumarou ya fara ranar Laraba da hantsi. Ya bar shago a hannun maƙwabcinsa, ya miƙe titin East Tremont ya nufi gabas. Bai kai layi na uku ba Mahamadou mai sayar da agogo da tabarau a bakin titi ya tare shi.

"Alhaji, ina zuwa?"

Tambayar ba ta da wuya, amma ba ta da amsa. A inda suka fito, dattijo ba ya fita sai da dalili: kasuwa, masallaci, gaisuwa, jana'iza. Mai tafiya ba wurin zuwa, yawo yake yi, kuma an san irin waɗanda ake faɗa wa haka. Oumarou ya ce banki za shi. Mahamadou ya ce ai banki yana baya. Oumarou ya ce haka ne, ya juya.

Ranar Alhamis ya bi ta wani layin. Ya yi minti tara yana tafiya, baƙar mota ta tsaya a gefensa. Gafaru ne, direban haya ɗan Kumasi, wanda suke sahu ɗaya a masallaci.

"Ei, Alhaji! Da ƙafa? Muna raye? Shiga, shiga."

"A'a, Gafaru, motsa jiki nike."

"Eksasais da babbar riga? Alhaji, kar ka ba ni kunya. Mutane na kallo. Gobe a ce Gafaru ya wuce babansa a hanya."

Motoci suna ta hon a baya. Oumarou ya shiga. Gafaru ya tambayi inda za shi, ya ce Parkchester, don shi ne sunan da ya fara zuwa bakinsa. Aka kai shi Parkchester. Ya tsaya har motar ta ɓace, ya hau bas ya dawo.

Cikin kwana goma an ɗauke shi a mota sau huɗu. Ranar Juma'a bayan salla, wani ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali ko lafiya shago yake, don an ce ana yawan ganinsa a titi. Wani kuma ya aika matarsa ta tambayi A'i ko maganin da ake ba Alhaji yana taɓa kai. Oumarou ya daina fita.

Lahadin da ta biyo, Yafet ya auna shi, ya naɗe abin awon, ya ce, "Kwana nawa ka yi tafiya a satin nan?"

"Yafet, garin ga ba a barin mutum shi yi tahiya."

"Mutum miliyan takwas suna tafiya a garin nan kullum."

"Su ba a san su ba."

Yafet ya yi dariya, ya yi wa A'i sallama, ya ɗauki jakarsa. Oumarou ya saka takalmi don ya taka masa, kamar yadda ya saba, zuwa tashar bas da ke bakin layi. Suna isa bas na tashi. Allon ya nuna na gaba sai bayan minti goma sha huɗu. Yafet ya ce bari ya taka zuwa tasha ta gaba. Oumarou bai ga dalilin juyawa ba tunda baƙonsa bai hau mota ba, sai ya bi shi.

Mahamadou yana wurinsa. Ya ɗaga kai ya gan su.

"Alhaji, rakiya?"

"Rakiya."

"Madalla. A sauka lahiya, likita."

Ya koma kan agogunansa. Gaba kaɗan wata mota ta rage gudu, direban ya gan su su biyu, ya ga jaka a hannun ɗaya, ya ɗaga hannu ya wuce. Ba wanda ke raba mai gida da baƙonsa a tsakiyar rakiya. Ran nan sun wuce tasha huɗu kafin Yafet ya hau bas.

Daga nan abin ya zama tsari, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan sunan. Yafet yana aikin kwana uku a mako. Sauran ranakun yakan zo shago da rana, ya zauna minti biyar, ya ce zai koma, Oumarou ya tashi rakiya. Dokas ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ziyarar da rakiyarta ta fi ta tsawo ba sai wannan. A ƙarshen Afrilu suna kaiwa West Farms, ƙarƙashin gadar jirgi. A tsakiyar Mayu suna tsallake kogin Bronx. Ranar ashirin ga wata suka kai ƙofar ginin su Yafet, jan bulo mai hawa goma sha biyu kamar sauran gine-ginen Parkchester. Agogon hannun Yafet, mai ƙirga nisan tafiya, ya nuna mil uku daga ƙofa zuwa ƙofa.

A hanya taswirar suke tattaunawa. Oumarou yana yawo da ita a aljihun gaba, har ninkinta ya fara yagewa. Firdaoussi ta yi masa bayanin alamomin a waya, kuma akwai abin da bai kwanta masa ba.

"Hanyar ga ta ratsa gona bakwai. Na ƙirga. Ta ce wata ma ta tsakar gidan manomi taka bi, tsakanin rumbu da garke."

"Haka suke yi. Doka ce ta ba da hanyar tun zamanin kakanninsu."

"Ba sallama?"

"Ba sallama. Ka buɗe ƙyaure, ka wuce, ka rufe. Rufewar ce kawai ba sa wasa da ita, saboda dabbobi."

"Kuma mai gona na kallo."

"Yana iya ɗaga maka hannu."

"A Tasawa, ka ratsa gonar mutum da damina, kai da shi sai gaban mai gari." Ya sake leƙa taswirar. "Kuma in sun kai ƙauye na ukun, mi za su yi?"

"Su sha shayi, su hau bas su koma gida."

"Ba su da kowa a can?"

"Ba kowa."

"Bon," in ji Oumarou, wato "to" da Faransanci. Suka wuce wurin wankin motoci.

Aka sa ranar gwaji Lahadi, ɗaya ga Yuni. Lissafin mai sauƙi ne. Oumarou zai raka Yafet gida, mil uku. Yafet, a matsayinsa na ƙarami, ba zai bar dattijo ya koma shi kaɗai ba, zai rako shi, mil shida. Oumarou zai sake raka shi, mil tara. A'i ta ce ita ba ruwanta da yadda za su kasa shi, agogon kawai za a nuna mata.

Sun tashi ƙarfe biyu, bayan azahar. Ranar akwai zafi kaɗan, ba iska. Oumarou ya saka riga 'yar shara da takalmin tafiya da Firdaoussi ta aiko, ruwan ƙasa, mai tudun dunduniya. Zangon farko ya ɗauke su sa'a ɗaya da minti biyar. Dokas ta sauko musu da ruwa da ayaba, ta ce wa mijinta, "Ka dawo ke nan ko ka zo wucewa?" Ya ce wucewa.

A zango na biyu akwai hawa bayan West Farms. Oumarou ya tsaya sau biyu, na farko ya ce zai gyara igiyar takalmi, na biyu bai ba da dalili ba. Yafet ya lura Oumarou ya daina magana. Sun iso Tremont ƙarfe huɗu da rabi. Oumarou ya yi la'asar a masallaci, Yafet ya jira shi a kan benci a waje. A'i tana kallonsu ta tagar hawa na uku lokacin da suka sake juyawa gabas.

Sun yi kusan mil ɗaya. Daidai ƙarƙashin gadar jirgi Oumarou ya dafa ginshiƙin ƙarfe ya tsaya. Jirgi ya wuce a sama, ƙarar ta rufe komai. Da ta lafa, Yafet yana riƙe da wuyan hannunsa yana kallon agogo.

"Ƙirji?"

"A'a."

"Alhaji."

"Kaɗan. Kamar an ɗora hannu."

Yafet ya zaunar da shi a bencin tashar bas, ya sa ya ciro ƙwayar da ke aljihunsa ya saka ƙarƙashin harshe. Bayan minti huɗu nauyin ya sauka. Yafet ya sake aunawa, ya ce gobe da safe za su kira likita, kuma yau an gama.

"Nawa muka yi?"

"Shida da ɗigo takwas."

"Saura biyu da kaɗan. In na huta."

"An gama, Alhaji."

Oumarou ya kalli titi. Wata mata ta wuce da keken wanki, wani mutum yana sayar da mangwaro yankakke a cikin kofi.

"Kai ka riƙe agogon. In ka hau bas da shi, ai zai ci gaba da ƙirga."

"Zai ƙirga."

"To."

"Ba zan yi ba. Can Ingila babu benci, babu bas a kowane layi. Akwai laka, akwai katangar dutse da za ka haura. In abin nan ya same ka a gona ta biyar, motar asibiti sai ta nemi ƙyaure. Kuma Hajiya za ta tambaye ni, ni kuma Lahadi ce yau, ba zan yi mata ƙarya ba."

"Litinin fa?"

"Litinin ma."

Suka zauna. Bas biyu suka wuce ba su hau ba. Oumarou ya ciro taswirar ya buɗe a gwiwa, ya bi jan layin da yatsa daga farko, ya tsaya a inda aka zana ƙaramar hasumiyar coci.

"Daga gidan ɗiyata zuwa nan, nawa ne?"

Yafet ya gwada da ma'aunin da ke ƙasan takardar. "Biyu da rabi. Ƙauye na farko ke nan."

"Da komowa, biyar."

"Biyar."

"Biyar na iya?"

"Yau ka yi shida kafin ya taɓa ka. In likita ya yarda, in ba gudu, in akwai hutu, ka iya."

Oumarou ya ninke takardar. Suka tsallaka titi suka hau bas mai komawa yamma.

A'i ta buɗe ƙofa, ta dubi fuskar mijinta, sannan ta miƙa hannu. Yafet ya nuna mata agogon, ya faɗa mata abin da ya faru a ƙarƙashin gada, bai rage komai ba. Ta ce to. Ta kawo ruwa. Ba ta yi maganar fasfo ba, shi ma bai yi ba.

Oumarou ya ce a kira Firdaoussi. A'i ta ce can dare ya yi, a bari sai gobe. Washegari, bayan sun dawo daga wurin likita, wanda ya canza ƙwaya ɗaya ya kuma ce mil biyar a hankali ba laifi, aka kira. Mista Kolin yana gidan, ya kawo musu latas daga lambunsa. Oumarou ya ce a ba shi. Turancinsa na shago ne, yana isar sa ciniki, amma wannan maganar ya fi son ta bi ta bakin 'yarsa.

"Ki ce mishi na ga taswira, na gode. Ki ce mishi tahiyar tashi ce, shi ya saba. Ni baƙo ne a gidanki, gidanki kuwa gidana ne. To shi ne mai tahiya, ni ne mai gida. Zan raka shi har ƙauye na hwarko, wurin cocin nan, in yi mishi sallama in komo. Haka muke yi."

Firdaoussi ta ce, "Baba, lafiya dai?"

"Ki hwaɗa mishi."

Ta faɗa. An ji muryar Mista Kolin yana tambaya, ta sake bayani, ta fi daɗewa a karo na biyu. Sannan ta juyo tana danne dariya.

"Ya ce al'ada ce mai kyau, bai taɓa jin irinta ba. Amma ya ce ba zai bari ka koma kai kaɗai ta cikin gonaki ba. Zai rako ka gida, sannan ya sake fita."

"To in ya rako ni, ai dole in sake taka mishi."

A'i ta karɓe wayar daga hannunsa.

"Firdaoussi, ki ce wa surukinki wanda aka raka ba ya waiwaye. Shi yi gaba abinshi. Babanki ba shi kaɗai zai komo ba, da ni za a yi rakiyar."

"Mama, ke? Mil biyar?"

"In ban je ba, wa zai ce mishi a juya? Ki tambaya mini ko akwai irin takalmin nan lamba talatin da tara. Ba ruwan ƙasa ba."

Ta miƙa masa wayar, ta shiga kicin. An ji ta jawo kujera, ta hau, ta buɗe kabad na sama inda take ajiye manyan tukwanen suna. Ta fito ta ajiye fasfo ɗin a kan tebur kusa da kofinsa, yana ƙanshin daddawa.

Jirginsu na ranar sha huɗu ga wata ne, da yamma. Yafet ya ce zai raka su filin jirgi, a mota.